Zumunci a Ƙafa Yake: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Benin a Gefen Babbar Maƙwabciya



Ranar 21 ga Disamba 2025 aka buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka a ƙasar Maroko, aka rufe ranar 18 ga Janairu 2026. Ƙasashe 24 ne suka fafata, cikinsu har da Benin da Najeriya. Duk lokacin da irin wannan gasa ta ƙarato, akwai tambayar da maƙwabta kan jefa wa Bahaushen Kwatano, wani cikin raha, wani da wata manufa: ku wa kuke goyon baya? Tambayar tana da nauyi, domin kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi suka fito, amma a nan aka yanke cibiyarmu, a nan muke biyan haraji, a nan muke binne mamatanmu. Waiwaye adon tafiya. Bari mu bi tarihin ƙungiyar ƙasar nan tun daga tushe, domin amsar tana cikinsa.

Tun kafin ƙasashen biyu su sami 'yancin kai suka fara haɗuwa a fili. A watan Nuwamba 1959 Dahome, kamar yadda ake kiran ƙasar a lokacin, ta buga wasanta na farko da wata ƙasa, kuma da Najeriya ta buga shi. An ci ta 1-0 a gida. Da ta kai ziyara Legas a ƙarshen watan, sai aka yi mata 10-1, kuma har yau ba a taɓa yi mata kaye mai muni kamar wannan ba. Shekara biyu bayan haka, a Disamba 1961, ta lallasa Muritaniya 7-0, wanda shi ma har yau ba ta sake yin irinsa ba. A cikin waɗannan shekaru ne aka raɗa wa ƙungiyar suna Écureuils, wato Kurege, ƙaramar dabba mai son hawa sama.

Daga nan sai dogon jira. Tun 1957 aka fara gasar Afirka a Khartum. Gana ta ɗauki kofin sau huɗu tsakanin 1963 da 1982, Najeriya ta ɗauka a 1980 da 1994. Dahome ta koma Benin a 1975 a zamanin Mathieu Kérékou, aka buɗe filin wasa na Amitié a Kouhounou a 1982, amma Kurege bai leƙa gasar ba ko sau ɗaya har ƙarnin ya ƙare. Abin alfahari a wancan zamani yana hannun ƙungiyoyin cikin gida, musamman Dragons de l'Ouémé ta Porto-Novo, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1987, kafin Gor Mahia ta Kenya ta fitar da ita. Matasanmu da yawa ba su san cewa Abedi Pele na Gana ya taɓa saka rigar Dragons ba, haka ma Peter Rufai, mai tsaron ragar Najeriya, wanda ya rasu a 2025. A ƙasar nan suka ƙara gogewa kafin duniya ta san su. Ashe tun a lokacin ƙwallo na bin hanyar da fatake suka daɗe suna bi, ba ta tsayawa a kan iyaka.

Ƙofa ta buɗe a watan Yuli 2003, ranar da Benin ta doke Zambiya 3-0 a Kwatano, ta sami gurbin zuwa Tunisiya a 2004. Mai horar da ita a lokacin mutumin Gana ne, Cecil Jones Attuquayefio. Da aka yi ƙuri'ar rukuni, sai ga Najeriya. Afirka ta Kudu ta ci Benin 2-0, Maroko ta ci ta 4-0, aka zo wasa na uku a birnin Sfax. Garba Lawal, ɗan Kaduna, shi ya fara zura ƙwallo a ragar Benin, John Utaka ya ƙara, sannan a mintin ƙarshe Moussa Latoundji ya rama ɗaya. Ita ce ƙwallon Benin ta farko a tarihin gasar. Mai karatu ya dubi wannan wasa da kyau: Garba ya ci a can, Musa ya rama a nan. Duk gefen da Bahaushen Zongo ya juya a ranar, sunan gidansu ya ji.

A Gana a 2008, ƙarƙashin Bajamushe Reinhard Fabisch, ƙuri'a ta sake haɗa su. Mali ta ci 1-0, Kwaddibuwa ta ci 4-1, Najeriya ta ci 2-0. A Angola a 2010, ƙarƙashin Bafaranshe Michel Dussuyer, karo na uku ke nan a jere, Najeriya na cikin rukunin. A nan Benin ta sami makinta na farko, da ta yi kunnen doki 2-2 da Mozambik bayan ta fara shiga gaba da ci biyu. Najeriya ta ci ta 1-0 da bugun fanareti na Yakubu Aiyegbeni, Masar ta ci ta 2-0. Zuwa uku, wasa tara, maki ɗaya.

Dole a faɗi ɓangaren da ba shi da daɗin ji, domin tarihin da aka cire masa ɗaci ya zama kirari. A Janairu 2005 Benin ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta Afirka. Najeriya ta ci ta 3-0 a wasan buɗewa, kuma bayan wasan aka far wa mai tsaron raga, Samiou Yessoufou, yaro ɗan shekara 18, a cikin garin nan, ya rasu. Allah ya jiƙansa. Abokan wasansa suka share hawaye suka ci gaba, suka zo na uku, suka tafi gasar matasa ta duniya a Holan. A Fabrairu 2010 kuma, bayan dawowa daga Angola, hukumar ƙwallon ƙasa ta rushe ƙungiyar baki ɗaya, ta sallami mai horarwa da mataimakansa. A Mayu 2016 rikicin shugabanci ya kai ga FIFA ta dakatar da hukumar na wasu makonni. Tsakanin 2010 da 2019 an yi gasa huɗu babu Benin a ciki. Fushin 'yan kallo da fushin shugabanni duk an gwada su, babu wanda ya haifi ƙwallo ko ɗaya.

Abin mamaki, mutumin da aka kora a 2010 shi aka sake kira, kuma shi ya kai ƙasar matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba. A Masar a 2019, Dussuyer ya tsara ƙungiya mai wuyar ci. Ta yi 2-2 da Gana, inda Mickaël Poté ya zura duka biyun, ta yi canjaras babu ci da Gini Bisau, ta maimaita haka da Kamaru mai riƙe da kofi. Ranar 5 ga Yuli, a Alƙahira, ta gamu da Maroko, wadda ta lashe wasanninta uku na rukuni ba a zura mata ko ɗaya ba. Moïse Adiléhou ya ci wa Benin, Youssef En-Nesyri ya farke. Ana dab da tashi aka ba Maroko fanareti, Hakim Ziyech ya buga, ƙwallo ta daki turke. A ƙarin lokaci aka kori Khaled Adénon, Benin ta ƙarasa da mutum goma. Da aka zo bugun raba gardama, Saturnin Allagbé ya tare ɗaya, wata ta haura sama, Benin ta wuce da 4-1. Wanda yake Kwatano a daren nan ba zai manta da ƙarar babura ba. Kwana biyar bayan haka Senegal ta tsayar da tafiyar da ƙwallo ɗaya ta Idrissa Gueye.

Duk da wannan, ga lissafin da ya dami kowa kafin gasar Maroko ta 2025: wasa 14 Benin ta buga a gasar Afirka, ta yi kunnen doki 5, an ci ta 9, ta zura ƙwallo 7, an zura mata 24. Nasara a cikin fili, har zuwa lokacin babu ko ɗaya, domin a ƙa'ida wasan Maroko kunnen doki ne.

A 2022 hukumar ƙwallo ta yanke shawarar ajiye sunan Kurege, ta ɗauki Guépards, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu, wadda ake samu a gandun dajin Pendjari. Hujjarsu ita ce kurege ba ya ba kowa tsoro. Suna linzami ne, ba mu musa ba. Sai dai wanda ya tashi da tatsuniyar Hausa ya san kurege ba abin rainawa ba ne: sau nawa ya yi wa kura wayo ya bar ta da cizon yatsa? Abin da ya faru da Maroko a Alƙahira aikin kurege ne tsantsa, haƙuri da dabara da sanin iyakar ƙarfi. In sabon suna ya zo da gudu, madalla, amma kada ya mantar da wancan hali.

Yanzu mu dawo kan tambayarmu. Duba mutanen da suka gina ƙungiyar nan. Razak Omotoyossi a Legas aka haife shi. Bayan hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi, ya tsallako Benin, ya zama ɗan ƙasa, ya ci mata ƙwallo 21, ciki har da wadda ya ci Kwaddibuwa a 2008. Ya rasu a watan Agustan 2025, Allah ya gafarta masa. Stéphane Sessègnon ya fi shi, da 24. Muri Ogunbiyi ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba ta Aba, ya sake ɗauka da Étoile du Sahel ta Tunisiya a 2007, alhali rigar Benin yake sakawa. A 'yan wasan yau akwai Tosin Aiyegun, shi ma haifaffen Legas. Kyaftin Steve Mounié kuwa a Parakou aka haife shi, garin da ayarin kakanninmu ke yada zango a hanyarsu ta zuwa Gwanja fataucin goro. Shi kansa mai horarwa, Gernot Rohr, wanda ya karɓi aiki a 2023, ya riƙe Mena ta Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya riƙe Najeriya daga 2016 zuwa 2021. Ƙasashe ukun da zuciyar Bahaushen Zongo ke rabuwa a kansu, duk ya zauna a bencinsu.

Ƙungiyar da mutanen kan iyaka suka ɗora wa tubali haka, babu mai ikon ce wa ɗan Zongo baƙo ne a cikinta. Son Ahmed Musa ko tuna Garba Lawal bai cire kowa daga zama ɗan Benin ba, kamar yadda son dangin uwa ba ya raba mutum da gidan ubansa. Amma ranar da aka buga taken ƙasa, ɗan Kwatano ya san tutar da ke kan katin shaidarsa.

Zamanin Rohr ma bai kuɓuta daga maƙwabciya ba. A neman gurbin Maroko, rukuni ɗaya suka faɗa: Najeriya ta ci 3-0 a Uyo, aka yi 1-1 a karo na biyu, Benin ta wuce da maki 8 bayan canjaras a Libiya, ta sha gaban Ruwanda da ƙyar. A neman gurbin gasar duniya ta 2026 ma tare aka haɗa su. Ranar 10 ga Yuni 2024 Benin ta doke Najeriya 2-1, Jodel Dossou da Mounié suka ci, bayan Raphael Onyedika ya fara sa Najeriya a gaba. Abin takaici, a Abijan aka yi wannan wasa, domin filin Amitié bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba, mutanen Kwatano sai a talabijin suka gani. Benin ta shiga ranar ƙarshe tana saman rukuni da maki 17, ƙofar gasar duniya a buɗe a gabanta karo na farko. Ranar 14 ga Oktoba 2025, a Uyo, Victor Osimhen ya zura uku, Frank Onyeka ya cika ta huɗu. Afirka ta Kudu ta wuce da maki 18. Ita ma Najeriya ba ta mori abin ba, Kwango ta fitar da ita a bugun fanareti a Rabat cikin Nuwamba.

To, me aka sa rai a Maroko? A wancan karon ƙuri'a ta raba maƙwabtan. Najeriya, mai kofi uku, ta faɗa rukuni ɗaya da Tunisiya da Uganda da Tanzaniya. Gana da Nijar da Togo duk ba su samu zuwa ba. Benin ta fara da Kwango ranar 23 ga Disamba, ta gamu da Botswana ranar 27, ta rufe da Senegal ranar 30. Senegal ta ɗauki kofi a Kamaru a 2022, Kwango ta ɗauka a 1968 da 1974, kuma ta zo ta huɗu a gasar da ta gabaci ta Maroko. Duka biyun sun fi Benin 'yan wasa da gogewa, faɗin gaskiya ba ya rage ƙauna. Botswana kuwa zuwanta na biyu ke nan, kuma a 2012 duk wasanninta uku aka ci ta. Ita ma nasarar farko ta je nema. Tunda huɗu daga cikin waɗanda suka zo na uku a rukuni suna wucewa zagaye na gaba, an yi hasashen nasara ɗaya a ranar 27 za ta iya wadatarwa. Ƙarfin Benin yana baya, wajen Olivier Verdon da Yohan Roche, da kuma kan Mounié in an ɗago ƙwallo sama. Rauninta ya bayyana a Uyo: in aka riga ta ci da wuri, takan rasa inda za ta dafa.

Saura namu. Iyaye da malamai su bar yaro mai baiwa ya je fili bayan ya wanke allonsa, domin ba za mu ga ɗan Zongo cikin rigar ƙasa ba in ba mu sake shi ya nema ba. Matasa kuma, a gidajen kallo, a yi gardama a yi dariya, a tashi lokacin salla, kada wasan yara 22 ya ɓata maƙwabtakar shekara da shekaru. Labarin Samiou ya ishe mu wa'azi.

Allah ya ba ƙasarmu Benin nasara, ya zaunar da ita da maƙwabtanta lafiya. Wanda ya tuna wani abu daga waɗannan wasanni, musamman dattawan da suka ga zamanin Dragons da idonsu, muna sauraron ƙarin bayaninsa.