Daga Zauren Maigida Zuwa Zauren WhatsApp: Tarihin Neman Aiki a Ƙasar Hausa

Neman aiki a ƙasar Hausa ya daɗe yana bin hanyar sanayya. A da, sana'a gado ce a yawancin gidaje: ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan marini a karofi. Wanda zai bar gadon gidansu, mahaifinsa ne ke kai shi wurin ubangida ya damƙa amanarsa. Da an gama girbi samari kan tafi cin rani, kuma da wuya mutum ya sauka inda ba shi da ɗan gari. A zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, maigida ne ke ba baƙo masauki, ya haɗa shi da abin yi, ya kuma tsaya masa idan wani abu ya ɓaci. Wannan tsayawar ita ce takardar shaidar wancan zamani.

Aikin lada na Turawa bai rushe wannan tsari nan take ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, haƙar kuza ta bunƙasa a Jos, amma akasarin leburori ta hannun heluma ake ɗaukarsu, shi kuwa mutanen da ya sani yake kirawowa. 'Yan boko ne suka zo da sabon salo: a ga sanarwar gurbi a jarida irin New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna a 1966, a rubuta takarda da hannu, a kai gidan waya, a zauna jiran amsa. Ko a lokacin ma dai, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, shagunan intanet suka yawaita, cike fom ya koma kan kwamfuta. A 2009 wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo suka kafa shafin Jobberman don tallata guraben aiki. Sauƙin nema ya tona asirin yawan masu nema. Ranar 15 ga Maris 2014, hukumar shige da fice ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Mutane fiye da 500,000 ne suka biya naira 1,000 kowannensu don gurbi da bai kai 5,000 ba, aka yi turereniya a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. Shirin N-Power na 2016, wanda ya fara da matasa 200,000 kan alawus ɗin naira 30,000 a wata, ta intanet aka yi rajistarsa.

LinkedIn, da aka buɗe a Amurka a 2003 musamman don harkar aiki, ya fi karɓuwa wurin masu neman kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, inda ake baje tarihin karatu da gogewa da Turanci. Yawancin jama'a kuwa Facebook da WhatsApp suka riƙa. A zauren tsofaffin ɗalibai ko na unguwa ake jefa sanarwa, wani ya tura wa ƙaninsa, wanda bai iya karatu ba a yi masa saƙon murya. Tela da mai ƙunshi da kafinta sun daina jiran a yi musu talla, hoton aikinsu ne ke jawo ciniki. Idan aka lura, labarin aiki ya koma yawo daga baki zuwa baki kamar zamanin cin rani, sai dai babu maigidan da zai tsaya wa magana.

Ta wannan giɓin 'yan damfara suka shigo. Sukan ƙirƙiro shafi mai tambarin kwastam ko soja ko kamfanin mai na ƙasa, su nemi kuɗin fom ko na "gurbi", har da takardar kama aiki ta bogi. Shi ya sa hukumomin kan fitar da sanarwa a kai a kai cewa ba sa ɗaukar ma'aikata a lokacin, ko kuma neman aiki a wurinsu kyauta ne, ta shafinsu na hukuma kaɗai.