Daga Tuƙi Zuwa Sa Ido: Tarihin Masu Kula da Jirage Marasa Matuƙa

Jirgin sama maras matuƙi bai taɓa rasa mai kula da shi ba, sai dai mutumin yana ƙasa. A shekarun 1930 sojojin Ingila sun riƙa sarrafa jirgin Queen Bee da na'urar rediyo, domin masu harbo jirage su gwada saiti a kansa. A lokacin kowane jirgi da nasa mai sarrafawa, wanda ba ya ɗauke ido daga kansa.

Jirgin Predator na Amurka, wanda ya fara tashi a 1994, ya zo da sabon tsari. Mutum biyu ke zama a ɗaki gaban allunan kwamfuta, ɗaya na tuƙi, ɗaya na juya kyamara, ga kuma makanikai da masu nazarin hotuna. Daga sansanin Creech da ke jihar Nevada aka riƙa tuƙa jiragen da ke shawagi a Afganistan ta tauraron ɗan Adam. Ƙanen Predator, MQ-9 Reaper, ya yi aiki daga Agadas kafin sojojin Amurka su fice daga Nijar a 2024. Yawan ma'aikatan da jirgi ɗaya ke ci shi ya sa aka fara neman juya lissafin, mutum ɗaya ya riƙe jirage da yawa.

Tun 1978 Thomas Sheridan da William Verplank na jami'ar MIT suka kasa cin gashin kan na'ura matakai goma, daga inda mutum ke yin komai zuwa inda na'ura ke yanke hukunci ba ta tuntuɓi kowa ba. A tsakanin nan aikin mutum yakan zama irin na makiyayi: ba ya jan kowace saniya da igiya, amma dole ya lura da wadda ta ratse.

Wannan lura kuwa tana da iyaka. A 1948 Norman Mackworth ya nuna cewa hankalin mai gadin allo yakan fara raguwa cikin rabin sa'a. A 1983 Lisanne Bainbridge ta yi nuni da cewa gwargwadon ƙwarewar na'ura, gwargwadon yadda hannun mai kula da ita ke sanyi, alhali shi ake jira ranar da abu ya ɓaci. Binciken Missy Cummings, tsohuwar matuƙiyar jirgin yaƙi, ya ƙara da cewa zaman jiran tsammani na ɗauke hankali kamar yadda cunkoson aiki ke yi. A Afrilun 2006 wani Predator B ya faɗi kusa da Nogales a Arizona: na'urar matuƙin ta maƙale, ya koma ta kusa da shi bai daidaita maɓallanta ba, man injin ya yanke.

Duk da haka adadin jiragen da mutum ɗaya ke riƙewa sai ƙaruwa yake yi. A gwajin hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, na 2021 a Fort Campbell, mutum ɗaya ya jagoranci na'urori sama da 100, na sama da na ƙasa, ta hanyar ba su umarni rukuni-rukuni. Jiragen kamfanin Zipline, masu kai jini da magunguna a Ruwanda tun 2016 da Kaduna tun 2022, su ma da kansu suke bin hanya, ma'aikata na sa ido. Yawan jiragen da mutum zai iya riƙewa ya dogara ne ga sau nawa kowannensu ke neman hankalinsa, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya gane abin da ke faruwa.