Tsohuwar Bindigar Harbin Faifai: Shekaru Ba Su Ne Aibinta Ba

Wasan harbin faifai da ake gani a gasar Olamfik ya samo asali ne daga harbin tantabaru masu rai. A Ingila ta ƙarni na 19, masu hali kan taru a kulob irin Hurlingham na Landan, wanda aka kafa a 1869, a rufe tantabara a cikin akwati, a ja igiya ta tashi, maharbi ya kai mata. A gasar Faris ta 1900 an kashe tantabaru kusan 300 ta wannan hanya, kuma sai a 1921 majalisar Birtaniya ta haramta abin. Tun kafin haramcin Amurkawa sun fara neman madadi. Adam Bogardus ya fito da na'urar cilla ƙwallon gilas a 1877, sannan George Ligowsky na birnin Cincinnati ya yi rajistar faifan yumɓu a 1880. Wannan sauyi ya taɓa bindigar kanta fiye da yadda ake zato. Tantabara tana da tsada kuma tana ƙarewa, faifai kuwa araha ne, ana iya cilla ɗaruruwa a yini guda. Mafarauci yana iya shekara bai harba abin da ɗan gasa ke harbawa a mako ɗaya ba, don haka dole maƙera suka koma yin bindiga mai nauyi da kauri wadda za ta jure wannan aiki. Duk wanda ke tunanin sayen ta hannu, daga nan ya kamata ya fara lissafi: shekaru kaɗai ba sa kashe irin wannan bindiga, abin da ke ritsawa da ita shi ne harsashi da dokoki sun canza ita tana nan yadda aka ƙera ta.

Hujjar farko tana cikin bindigogin da suka yi suna. Winchester Model 12 ta fito a 1912, an sassaƙa sassanta daga dunƙulen ƙarfe, kuma kamfanin ya janye ta daga kasuwar gama-gari a 1964 ne saboda kuɗin ƙera ta ya fi ƙarfin farashin da za a iya sa mata. Ingancinta ne ya kore ta. Browning Superposed, mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, ita ce aikin ƙarshe na John Moses Browning, wanda ya rasu a Beljiyam a 1926. Ɗansa Val ne ya ƙarasa ta, aka riƙa ƙera ta a masana'antar FN da ke Herstal, inda ake gyara zaman sassanta da hannu ɗaya bayan ɗaya. Remington Model 32 ta shekarun 1930 ba ta mutu ba, Jamusawan Krieghoff ne suka ɗauki tsarinta suka yi K-32, daga ita aka samu K-80 da zakaru ke riƙewa har yau. A Italiya, Ennio Mattarelli ya ci zinare a Tokyo a 1964 da bindigar maƙeri Daniele Perazzi, su biyun kuma suka tsara MX8 domin gasar Meziko ta 1968. Abin lura a nan shi ne maƙeran sun san kayansu za su ci, sai suka yi tanadi. Kunamar MX8 ana zare ta gaba ɗaya a saka wata cikin ɗan lokaci, jerin Beretta 680 kuwa ana sauya ƙusoshin gaɓarta da maƙullinta da waɗanda suka ɗan fi girma idan ta saki. Mai sayen irin waɗannan yana samun aikin hannu da kuɗin da a sabuwa ba zai saya masa sai aikin inji ba.

Za a ce ai wannan hujjar kaifi biyu gare ta, tunda bindigar gasa ita ce ta fi kowace shan harbi, kuma mai sayarwa ba zai faɗi ko sau nawa ta tashi ba. Gaskiya ne. Sai dai lalacewar da harbi ke jawowa ana iya auna ta. Maƙerin bindiga zai cire katakon gaba ya girgiza ta ya ji ko gaɓarta na motsi, ya duba ko hannun buɗewa na sama ya wuce tsakiya ya karkata hagu, ya rataye bututun ya ƙwanƙwasa ya ji ko likin da ya haɗa su ya saki, sannan ya auna kaurin bangon. Turawan Ingila sun daɗe da mai da wannan doka. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta samu izinin gwaji a 1637, gidan gwaji na Birmingham ya biyo baya a 1813, dokar 1868 kuma ta sa sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji mai aiki ya zama laifi. Ana cusa mata harsashi mai ƙarfin da ya wuce na yau da kullum, in ta tsira a buga mata hatimi tare da faɗin bututunta. Idan daga baya aka goge cikin bututun don ɓoye tsatsa har faɗin ya ƙaru fiye da ƙima, hatimin ya faɗi. Amurka ba ta da gidan gwaji na ƙasa, kamfanoni ne ke gwada kayansu, shi ya sa mai saye a can ya fi dogara da idon maƙeri.

Ainihin tarkon yana wajen harsashi. Bindigogin zamanin tantabara da yawa bututunsu na Damaskas ne, wato ƙarfe iri biyu da aka murɗa aka ƙera tare, an yi su ne don baƙin albarushi, kuma mazaunin harsashinsu milimita 65 ne alhali harsashin gasa na yau na 70 ne. Harsashi mai tsawo yana shiga gajeren mazauni lafiya lau, sai an harba ne bakinsa ke rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Waɗannan sun fi dacewa da masu tara kayan tarihi. Matsalar da ta shafi har bindigogin 1960 da 1970 ita ce dalma. An ƙera su da matsin baki na dindindin, sau da yawa mai tsanani, domin ƙwayar dalma tana da laushi, tana lanƙwasawa ta wuce. Ƙwayar ƙarfe ba ta lanƙwasawa, tana iya kumbura bututun a daidai matsin. Dokoki kuwa sun juya wa dalma baya: Amurka ta hana ta a farautar tsuntsayen ruwa a 1991, Denmark ta hana ƙwayar dalma baki ɗaya a 1996, Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu a 2023, gwamnatin Birtaniya kuma ta sanar a 2025 cewa za ta hana ta har a filin faifai bayan wa'adi. Ana iya buɗe matsin ko a yi wa bakin zare don saka matsi mai cirewa, amma aikin kuɗi ne, kuma a Birtaniya yin zaren yana buƙatar sabon gwaji. Bindigar da aka gwada don ƙwayar ƙarfe mai ƙarfi tana ɗauke da hatimi mai siffar furen lili.

Suna ma ba ya kare mai saye. Daga wajen 1966 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanin Browning ya yi amfani da katakon da aka busar da gishiri don a yi sauri. Gishirin ya zauna a cikin itacen ya riƙa cin ƙarfe daga inda ido ba ya gani, kuma katako masu kyan zane na bindigogi masu tsada ne abin ya fi shafa. Remington 3200, wadda ta fito a 1973 aka daina ta a shekarun 1980, tana da masoya, amma samun kayan gyaranta sai an sha wuya. Ga kuma ƙota, wadda ɗan gasa kan yanke ko ya lanƙwasa daidai kafaɗarsa da kuncinsa. Kamar rigar da aka ɗinka wa wani ce, kyanta ba ya sa ta zauna a jikin kowa, kuma sabuwar ƙota tana iya cinye rarar da aka samu a ciniki.

To me zai hana a sayi sabuwa a huta? Ga wanda filin da yake harbi ya riga ya koma ƙwayar ƙarfe, ko wanda ba shi da maƙeri a kusa, wannan ita ce shawarar da ta fi. Amma sabuwa mai araha an yi ta ne don mafarauci mai ɗan harbi, darajarta kuma tana faɗuwa ranar da ta bar kanti, alhali tsohuwar Beretta ko Miroku ta gama faɗuwarta tuni. Bindigar gasa ta 1980 zuwa sama, mai mazauni 70, wadda har yanzu ake ƙera kayan gyaranta, ta fi sabuwa mai irin farashinta. Wadda ta girmi haka kuwa, kada a miƙa kuɗi sai maƙeri ya auna bututunta, ya karanta hatiminta, ya kuma cire katakon ya ga abin da ke ƙarƙashi.