Siririn jirgi, doguwar tafiya: daga Kano ta 1925 zuwa bakin dajin Birnin Gwari

1/
Kwanan nan ana ta ƙorafi wai kamfanonin Turai da Amurka sun koma tsallaka da mutane tekun Atlantika a ƙananan jirage, irin masu hanya ɗaya a tsakiya, kujeru uku dama uku hagu, awa bakwai ko takwas gwiwa na dukan kujerar gaba. Ana ta cewa sabon wulaƙanci ne. To ba sabo ba ne. Da irin wannan jirgin aka fara, kuma mu 'yan Arewa muna tsakiyar labarin. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/
Ni ɗan Birnin Gwari ne. Duk wanda ya san hanyarmu ya san idan ka baro gari ka wuce Udawa da Buruku, kafin ka shiga Kaduna sai ka wuce mashigar filin jirgin sama, sannan sansanin alhazai na Mando. Wato filin jirgin Kaduna a bakin hanyarmu yake, a gefen dajinmu. Shi ya sa maganar jirgi ba ta mana nisa kamar yadda wasu ke zato.

3/
Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku, ƙirar DH.9A, suka sauka a Kano. Daga Masar suka taso, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suna yada zango a Sudan da Chadi. Kowane jirgi mutum biyu yake ɗauka, kai a waje, iska na dukan fuska. Su ake lissafawa jiragen farko da suka sauka a Najeriya.

4/
A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Khartum zuwa Kano, daga baya ya miƙa ta har Legas. A shekarar ce kuma aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. Ba abin da ya haɗa su sai shekara, amma ni dai abin yana burge ni.

5/
Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗinke Kano da tekun Atlantika sosai. Da Bahar Rum ta zama fagen daga, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi Legas, Kano, Maiduguri, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Tun 1940 aka fara. Da Amurka ta shigo, jiragenta sai su gangara Brazil, su tsallaka teku daga Natal, wasu su sha mai a tsibirin Ascension, su faɗo Accra, sannan Kano. Dubban jirage sun bi wannan hanya.

6/
Me ya sa Natal? Ɗauki taswira ka duba. Tsakanin ƙahon Brazil da Dakar wajen kilomita 3,000 ne, nan ne teku ta fi tsukewa. Jirgin zamanin ba ya da dogon numfashi, dole ya nemi mashigi mafi kusa, kamar mai tsallaka rafi da damina.

7/
Bayan yaƙi Kano ta zama zangon manyan kamfanoni irin su BOAC da KLM da Sabena, masu zuwa kudancin Afirka daga Turai. Ba don son mu ba fa. Jirgi in ya ƙetare Sahara tankinsa ya yi ƙasa, Kano ce rijiya ta farko. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

8/
Yanzu 1958, shekarar da komai ya haɗu. A Afrilu ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta ƙirƙiro ajin ikonomi a hanyar Turai da Amurka. Ranar 1 ga Oktoba kamfanin da ya zama Nigeria Airways ya fara aiki. Ranar 4 ga Oktoba jirgin Comet 4 na BOAC ya fara tsallaka Atlantika da fasinja a injin jet. Ranar 26 ga Oktoba Boeing 707 na Pan Am ya tashi New York zuwa Paris, sai da ya tsaya shan mai a Gander ta Kanada.

9/
Dukansu hanya ɗaya ce a tsakiya. 707 ɗin nan da ake wa kallon sarkin sama, uku dama uku hagu ne. Daga 1958 har Janairun 1970 da 747 mai hanya biyu ya fara aiki, duk wanda ya tsallaka teku a jet, minista ne ko ɗalibi, a siririn jirgi ya tsallaka.

10/
Wani abin dariya a ikonomin farko: dokar IATA ta ce kada a ba fasinja abinci mai zafi, sanwic kawai. Sai kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinebiya ya riƙa shimfiɗa yankan burodi ɗaya ya lafta masa nama da kayan daɗi har burodin ya ɓace, ya ce ai a garinsu wannan shi ne sanwic. Kamfanonin Amurka suka kai ƙara. Manyan mutane da kwat da taye suka zauna taro don yanke hukuncin mene ne sanwic. Wallahi da gaske.

11/
In kana son sanin yadda zaman 707 yake, ba sai ka je gidan tarihi ba. Boeing 737 da ake hawa Kano zuwa Legas, faɗin cikinsa ɗaya da na 707, kamfanin bai sake ma'aunin ba. Haka 727 da 757. Abin da ya canja shi ne tazarar gaba da baya: da can wajen inci 34, yau a yawancin kamfanoni 30 zuwa 32. Inci uku a baki ba komai ba ne, amma tambayi dogon mutum bayan awa shida.

12/
Nigeria Airways ta fara Legas zuwa New York a 1964 da haɗin gwiwar Pan Am, ana bi ta gaɓar Afirka ta Yamma ana tsayawa. Hanyar Landan kuwa ta Kano take bi, a VC10, shi ma siriri, injinansa huɗu a wutsiya. Nata 707 ɗin sun zo farkon shekarun 1970, DC-10 mai faɗi a 1976.

13/
Amma mu faɗi gaskiya, mutanenmu nawa ne suka je New York a lokacin? Doguwar tafiyar da talakan Arewa ya sani a jirgi ita ce Makka. Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400, awa huɗu da wani abu. Kafin nan tafiyar ƙasa ce ta Borno, Chadi, Darfur, har gaɓar Bahar Maliya, ana tafiya ana tsayawa noma ko ƙodago don neman guzuri. Wasu shekara biyar, wasu goma, wasu suka zauna Sudan har yau jikokinsu na can suna jin Hausa. Mutum yakan raba gado a zuciyarsa kafin ya fita, a yi bankwana irin na mutuwa.

14/
To ka ɗauki wanda ubansa ya yi wannan tafiya, ka zaunar da shi a kujerar tsakiya ta 707, ka ce masa kafin la'asar yana Jidda. Kana ganin zai yi maganar gwiwa? Tsofaffin garinmu da na ji suna ba da labarin tafiyarsu ta wancan zamani, ban taɓa jin ɗaya ya ambaci matsin kujera ba. Abin da suke tunawa shi ne kwanakin jira a sansani, da toshewar kunne, da rigimar awon kaya a dawowa, da yadda aka yi ta fama da masu son yin alwala da buta a bayin jirgi.

15/
Sai dai tafiyar ta ci rayuka, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, don tsoron da mutane ke yi wa “ƙaramin jirgi” daga irin waɗannan labarai yake tasowa.

16/
22 ga Janairu 1973. Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi haya, ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai Legas. Yanayi ya ɓaci, aka juyo da shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, wuta ta kama. Mutum 202 ne a ciki, 176 suka rasu. A lokacin yana cikin haɗurran jirgi mafi muni da duniya ta taɓa gani. Allah Ya jiƙansu.

17/
11 ga Yuli 1991. DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, shi ma haya, ya tashi Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Tayoyi suka fashe a kan titi suka kama wuta, matuƙa ba su sani ba suka naɗe ƙafafun cikin jirgi. Wutar ta ci ta ciki. Sun juyo amma ba su kai titi ba. Mutum 261, ba wanda ya fita.

18/
Ku lura, jiragen nan biyu injina hurhuɗu gare su, kuma ba ƙanana ba ne a zamaninsu. Ba faɗin jirgi ya kashe mutanen Sakkwato ba, gaggawa da sakaci ne. Iskar taya fa, jama'a. Abin da mai faci na bakin tasha zai duba a minti biyu. Duk lokacin da na karanta rahoton nan sai raina ya ɓaci.

19/
To me ya kori siraran jirage daga teku, me kuma ya dawo da su? Na farko 747 da 'yan uwansa: kujeru da yawa, kuɗin kowace kujera ya sauka. Mu ma mun gani, Kabo Air da Max Air da 747 suka yi ta jigilar alhazai. Na biyu doka: tun 1953 Amurka ta hana jirgi mai inji biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu. A tsakiyar teku babu irin wannan fili. Sai a 1985, da injina suka ƙara aminci, aka sassauta zuwa minti 120, daga baya 180.

20/
Nan 757 ya samu ƙofa. Delta ta yi shekaru tana New York zuwa Dakar da shi, wajen kilomita 6,100. A 2021 JetBlue ta fara New York zuwa Landan da Airbus A321LR. A Nuwamba 2024 Iberia ta fara Madrid zuwa Boston da A321XLR, wanda kamfanin Airbus ya ce yana iya cin kilomita 8,700 bai sauka ba.

21/
Lissafin kamfani mai sauƙi ne. Cika jirgi mai kujeru 180 ya fi cika mai 300 sauƙi, kamar yadda direban Golf ke riga mai bas barin tasha. Kuma kar a ruɗe ka da girma: 777 da aka jera wa kujeru goma a layi, kujerarsa wajen inci 17 ce, ta A321 kuwa wajen 18. Inda siriri ke cutarwa shi ne hanyar nan guda ɗaya. Keken abinci in ya fito, ba bayi, ba miƙe ƙafa. Ga tsoho mai ciwon suga ko mace mai ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dogon zama na iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa. In ka samu kanka a ciki, nemi kujerar bakin hanya, sha ruwa, tashi ka taka duk sanda hanya ta buɗe.

22/
Mu koma rijiyar Kano. Dogon numfashin jirage ne ya kashe mata kasuwa. Da jirgi ya iya tashi daga Turai har Johannesburg bai sha mai ba, sai ya riƙa wuce mu ta sama. Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, KLM ma daga baya ta tattara ta bar Kano. Sai ya zama Bakano mai zuwa Landan ya fara gangarawa Abuja ko Legas, ko ya zaga ta Alƙahira ko Addis Ababa.

23/
Shi ya sa ni ban shiga sahun masu zagin sabbin siraran nan ba. Kano zuwa Landan wajen kilomita 4,500 ne, Recife ta Brazil wajen 5,300, duk a cikin ikonsu. New York kuwa wajen 8,500, ya yi kusa da iyaka ƙwarai, ga zafin Kano da ke rage wa jirgi ƙarfin tashi da kaya, ga iskar da ke tunkarar mai tafiya yamma, don haka ban sa rai ba. Amma garin da ba zai cika babban jirgi kullum ba, irin wannan ne kaɗai zai sa kamfani ya kalle shi. In zaɓi ya zama awa shida a matse daga Kano, ko kwana guda ana zaga filayen jiragen mutane, ni na san wanda zan ɗauka.

24/
Kaduna ta ɗanɗana a 2017, da aka rufe filin Abuja mako shida daga 8 ga Maris don gyaran titi. Yawancin kamfanonin Turai suka ƙi zuwa. Ethiopian Airlines ta zo, da 787 ma. Hujjar masu ƙin zuwa tsaro ce, kuma abin da ya biyo baya bai ƙaryata su ba: Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, dab da filin. 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari gefen filin kansa suka kashe mai gadi, bayan kwana biyu aka tare jirgin ƙasan Abuja.

25/
A waɗannan shekaru, maniyyaci daga Birnin Gwari ba Bahar Maliya yake tsoro ba. Kilomita 120 da ɗoriya zuwa Mando ita ce tafiyar. A jira rakiyar sojoji, a jera motoci, a yi ta addu'a har a ga Buruku. Awa huɗu da rabi a sama kuwa barci ake sha. Bayan sulhun ƙarshen 2024 da sake buɗe kasuwar kara, motoci sun dawo hanya, har da manyan motocin Legas da suka daɗe da ƙaurace mata. Allah Ya ɗorar.

26/
In akwai wanda kakansa ko kakarsa suka yi aikin hajji a 707 ko DC-8, ko yana da tsohon fasfon alhazai ko tikitin Nigeria Airways a ƙasan adaka, don Allah ya ɗauki hoto ya ajiye mana a nan. A rufe suna da lamba kafin a ɗora.