Tafin Hannun Kaka a Ma'ajiyar Gwamnati

A hutun da ya wuce, mun raka wata abokiyar karatunmu zuwa Marree, wani ɗan ƙauye a hamadar Ostiraliya ta Kudu, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Adelaide. Kakan kakanta take nema. Abin da gidansu suka riƙe game da shi bai wuce biyu ba: yana jan raƙuma, kuma ba ya wasa da salla.

Irinsu Turawa ke kira "Afgan", ko da yake da yawansu daga Balucistan da Fanjab suka fito. Sun fara shigowa a 1860, sannan a 1866 attajiri Thomas Elder ya kawo raƙuma sama da 100 tare da masu kula da su. Su suka yi dakon kayan layin tangarahu da aka gama a 1872, suka kai gari da shayi rugagen tumaki, suka dawo da ulu. Ba a bar su sun zo da matansu ba, don haka wasu suka auri 'yan asalin ƙasar, wasu Turawa.

To, neman mutum irin wannan fa wahala ce. Akawu ya rubuta Mahomet, wani ya rubuta Mahomed, duk mutum ɗaya. Ga shi motoci sun kashe sana'ar a shekarun 1920, aka saki raƙuma daji, iyalai suka watse. Mu da muka saba a zaunar da kaka ta jero mana asali, abin ya ba mu tausayi wallahi.

Inda ta dace shi ne wurin da ba ta zata ba. Dokar hana shigowar baƙi ta 1901 ta tanadi jarrabawar shifta ta kalmomi 50, a duk harshen Turai da jami'i ya ga dama, don dai wanda ba fari ba ya faɗi. Mazaunin da ke son zuwa gida ko Makka ya dawo, sai ya nemi takardar rangwame, a manna hotonsa, a dangwala tafin hannunsa da tawada. Takardun nan na wulaƙanci suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, kuma a cikinsu ta fara ganin fuskarsa, da rawaninsa.

Kwafin ta ɗauko zuwa Marree. A bakin masallacin laka da aka sake ginawa, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta ɗora hannunta a kan nasa. Nasa ya fi girma sosai.