Guwa sha: daga bakin kwano zuwa dutsen kwalliya

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya ga ƴan mata suna goga wani ɗan dutse kore ko ruwan hoda a kumatu, ana cewa sirrin kyawon matan ƙasar Sin ne tun shekaru dubbai. Sunan abin guwa sha. Ni malamin makaranta ne, kuma abin da nake koya wa ɗalibaina a darasin tarihi shi ne, idan aka ce maka abu daɗaɗɗe ne, ka tambayi wane ne ya rubuta shi, kuma yaushe. Bari mu yi wa guwa sha wannan tambaya.

A harshen Sinanci, "guwa" na nufin kankarewa, "sha" kuwa jajayen ɗige-ɗige ne masu kama da yashi da ke fitowa a fata. Da wannan suna kuma suke kiran wasu cututtuka masu kamu farat ɗaya, kamar bugun rana, masassara, amai da murɗar ciki. A 1337 wani likita mai suna Wei Yilin ya kawo bayanin wannan ciwo a littafinsa, tare da yadda ake jiƙa zare irin na rama a goge jikin mara lafiya. Zhang Jingyue, wanda ya rayu daga 1563 zuwa 1640, ya bayyana yadda ake tsoma bakin kwanon tangaran cikin ruwan zafi mai ɗan mai, a kankare baya daga sama zuwa ƙasa. A 1675 Guo Zhisui ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon sha.

Ku lura da kayan aikin: zare, kwano, cokali, tsabar kuɗi, ƙahon ɓauna. Kayan gidan talaka ke nan. Kaka ce ke yi wa jikanta, mata ta yi wa mijinta da ya dawo gona a galabaice. A baya, wuya da kafaɗu ake yi, da ƙarfi, har sai fata ta yi ja, shatin ya ɗauki kwanaki kafin ya ɓace. Maƙwabta ma sun san shi: a Biyetnam suna ce masa kankarar iska, a Indunusiya kerokan.

Wannan shati ya jawo wa wasu bayin Allah wahala. Bayan 1975, da ƴan gudun hijirar Biyetnam suka isa Amurka, malaman makaranta da likitoci sun riƙa ganin jajayen layuka a bayan yara, suka ɗauka dukan iyaye ne. A 2001 Zheng Xiaolong ya yi fim a kan irin wannan rashin fahimta: kaka ya yi wa jikansa guwa sha a birnin St. Louis, hukuma ta raba yaron da iyayensa. Mu da muka san shatin ƙaho a gadon baya, muna iya gane zafin abin.

To, mene ne amfaninsa na gaskiya? A garin Essen na Jamus an gwada. Binciken 2007 ya nuna gudun jini a wurin da aka kankare ya ninka kusan sau huɗu na ɗan lokaci. Na 2011, a kan mutum 48 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, ya nuna waɗanda aka yi wa guwa sha sun fi samun sauƙi bayan mako guda. Bincike ne ƙanana, amma sun dace da abin da kakanni suka ce: yana sassauta ciwon jiki da ɗaurewar tsoka.

Na fuska kuwa, irin wanda ake tallatawa yau, ya bazu ne a ƴan shekarun nan ta shagunan kwalliya da intanet. Tausa ce mai laushi, tana iya rage kumburin safiya na ƴan awoyi, mutum ya ji daɗin jikinsa. Ba ta sauya ƙashin haɓa, ba ta mai da tsohuwa yarinya. Kafin ƴar uwata ta zuba jikkuna a kan dutse, ta tuna waɗanda suka ƙirƙiro abin da cokali suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne masassara. A wajenmu, zafin jiki a damina sau da yawa cizon sauro ne, kuma kankarar fata ba ta kashe ƙwayarsa. Yaro mai zazzaɓi a kai shi likita a gwada jininsa. Kada a kankari fata mai ƙuraje ko rauni, ko mai shan maganin tsinka jini, kuma kada mutum biyu su yi amfani da abu ɗaya ba a wanke shi sosai ba.

Sinawa sun rubuta maganin kakanninsu tun ƙarni na 14, shi ya sa yau muke iya raba tsohon da sabon. Wanzamanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa suna tsufa da iliminsu a ka. Wa zai zauna da su da alƙalami? Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.