Masunci, Hunturu da Dilar Gwanjo

A watan Fabrairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano. Babu abin da ya ɗauki hankalinsa kamar tufa. Ya ƙiyasta cewa abin da masaƙa da marina suke fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300, ya kuma rubuta cewa kayan Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Sai dai duk wannan shahara, akwai riga guda da Kano ba ta taɓa saƙawa ba, wato wadda za ta riƙe wa mutum ɗumin jikinsa bayan ta jiƙe.

Dalilin yana jikin dabba da tsiro. Tumakin ƙasar Hausa, da Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba su da ulun da za a kaɗa. A Afirka ta Yamma tunkiya mai ulu sai an je Masina ta ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani suke saƙa barguna da shi. Alkyabbar mulufi kuwa ta Sahara ake kawo ta, kuma kayan sarakuna ce. Abin da talaka yake da shi auduga ce: gwado da luru don lulluɓa, sai riga bisa riga idan jaura ta taso. A tudu wannan ya wadatar, domin busasshiyar auduga mai kauri tana tsare iska a tsakanin zarenta, iskar nan kuma ita ce ke hana ɗumi fita.

Bahaushe ya bambanta ɗari da sanyi. Ɗari shi ne busasshe, na iskar hunturu. Sanyi kuwa mai laima ne. Masunci ne kaɗai ke haɗuwa da su biyun a lokaci guda. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka. Mutumin Rasha zai yi dariya in ya ji an kira wannan sanyi, amma dariyar za ta ƙare idan aka jiƙa masa riga aka tsayar da shi cikin kwalekwale. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kamar sau 25. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne wa fata, iskar da ke cikinta ta fice. Sannan busasshiyar iskar arewa maso gabas, mai ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta bi ta kan jiƙaƙƙiyar rigar tana busar da ita, kowane ɗigon da ya tashi kuma da zafin jikin mutum yake tafiya. Wannan shi ne sirrin da ke sa ruwan randa yin sanyi. Masunci mai jiƙaƙƙiyar taguwa ya zama randa. Yatsu ne ke fara ƙagewa, makyarkyata ta biyo baya, daga nan hankali ya soma raguwa, a wurin da kuskure ɗaya ya isa.

Magabata sun warware matsalar ta hanyar kauce mata. Kogin Kano da na Challawa a da na damina ne. Da rani sai rairayi da 'yan tafkuna. Su yakan zama na gayya, da rana tsaka, idan ruwa ya janye, mutum ya tuɓe daga shi sai bante ko warki, ya faɗa da homa da gora, ya fito ya bushe a rana ko a bakin wuta. Hoton da ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sifarsa ta yanzu a 1934, ragowar wannan tsari ne. Fatar da ba komai a kanta ta fi saurin bushewa, don haka tuɓewar dabara ce.

Madatsun ruwa ne suka sauya lissafin. A zamanin Gwamna Audu Bako aka yi Bagauda, sannan aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974. Madatsar Challawa ta Ƙaraye an kammala ta a 1992. An yi su ne don noman rani da ruwan sha, amma sun haifar da abin da ƙasar Kano ba ta saba da shi ba, wato faffaɗan ruwan da ba ya ƙafewa. Masunta suka taru daga nesa da kusa, su ya koma sana'ar shekara. Mai kalli kan shimfiɗa ragarsa da yamma, ya koma ya janyo ta da asubar fari, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani, yana zaune awa biyu ko uku a fili babu abin da ke tare masa iska, ruwan raga yana zuba a cinyarsa. A nan tuɓewa ba ta da amfani, gwado kuma nauyi ne kawai.

Rigar da wannan sabuwar sana'a take bukata ta zo ne ta kasuwar baƙi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayan 'yan shekaru Turawa suka keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa, gefen Fagge, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen gaɓar teku. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta ayari ce, fuskarta na kallon Sahara. Ta Sabon Gari kuwa teku take kallo: kwano da fitila da ashana da yadin Manchesta. Ba abin mamaki ba ne da tufafin da Turawa suka gama sawa suka sami mazauni a cikinta da kuma Ƙofar Wambai, wadda ta yi suna da wannan haja. Fataken Ibo, musamman mutanen Abiriba, su ne suka riƙe jijiyar cinikin daga Aba zuwa Kwatano da Lome. An sake gina kasuwar a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, sunansa take ɗauke da shi a hukumance, ta kuma tashi daga gobarar Maris ɗin 2016 wadda ta cinye dubban shaguna. Amma abin da ya fi bunƙasa gwanjo shi ne faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da sabuwar riga ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle mai kama tarwaɗa.

Idan aka fasa dila, mai nauyin kilo 45 zuwa 55, abin da ke zubowa tarihin wasu masunta ne na wata duniya. Suwaitar ulu mai matsattsiyar saƙa jikar rigunan da matan masuntan Ingila da Sikotland suke saƙa wa mazajensu ce. Ulu kan sha ruwa kusan kashi uku cikin goma na nauyinsa kafin a ji laima, kuma ko ya jiƙe yana riƙe wani ɗumin. Rigar ruwa ta biyo sawun wani matuƙin jirgi ɗan Norway, Helly Juell Hansen, wanda a 1877 ya fara sayar da tufafin da aka tsoma a mai don kada ruwa ya ratsa. Yadin nan mai laushi kamar gashin ɗan rago, na zaren foliyesta, wata masaƙa ce a Massachusetts ta Amurka, Malden Mills, ta fito da shi wajen 1980. Kusan ba ya shan ruwa, kuma da an matse shi ya fara bushewa. Duk waɗannan suna kwance a tsibi ɗaya da wandon jins da ƙatuwar rigar auduga mai hula.

Nan ne ido ke yaudarar mai saye. Al'adar tudu ta koyar cewa kauri shi ne ɗumi, don haka hannu yakan nufi mafi nauyi, mafi nauyin kuma sau da yawa auduga ce. Wanda ya san ruwa ɗan ƙyallen da ke ɗinke a wuya ko gefen riga yake fara nema, inda aka rubuta irin zaren. Idan rubutun ya goge, ɗigon ruwa a kan yadin zai faɗi gaskiya, domin auduga nan take take shanye shi. Marar nauyi biyu, ta roba a jikin fata da ta ulu a kanta, sannan wata mai tare iska a waje, sun fi kwat guda mai kauri, tun da ana iya cire ɗaya idan tuƙi ya kawo gumi. Babbar kwat da takalmin roba mai tsawo suna da wani aibin ma: idan jirgi ya kife, suna cika da ruwa, iyo ya yi wuya, hawa gefen kwalekwale ya gagara. Hula da busasshiyar riga ɗaure cikin leda, ta sawa bayan an fito, ba su kai kuɗin kwat ɗin ba.

Abin da ke da ɗaure kai shi ne, a takarda wannan haja haramtacciya ce. Shekaru da dama ke nan tsofaffin tufafi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, bisa hujjar kare masaƙun gida da lafiyar jama'a. Don haka a shekarun baya dila takan sauka a Kwatano, ta bi ta Nijar zuwa Maraɗi, ta tsallako ta wajen Jibiya, kowane shinge da abin da yake ƙara wa farashinta. Hujjar kare masaƙu ba wasa ba ce. Duk wanda ya ga rufaffun masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakurin Kaduna ya san an yi asara, ko da yake rashin wutar lantarki da yadin Sin mai araha, wanda ya cika Kantin Kwari, sun fi gwanjo hannu a ciki. Sai dai waɗannan masaƙu atamfa da shadda da yadin auduga suka fi saƙawa, ba rigar da ke jure ruwa ba. Hanin bai kare wata masana'antar rigar masunci ba, domin babu ita. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, rufewar ta haɗiye hunturu guda cur da farkon na biyu, masuntan Tiga da Ƙaraye kuma ba su daina fita da asuba ba.